Daga Keken Doki zuwa Kocin Rayuwa: Tarihin Wata Sabuwar Sana'a



A 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta shigo mana ta cikin wayoyinmu. Mutum zai sa hotonsa sanye da kwat, a ƙasa ya rubuta cewa shi kocin rayuwa ne, zai taimake ka ka gano dalilin zuwanka duniya cikin makonni shida, ga lambar asusu. Wasunmu sun biya sun shiga. Wasu suna kan tara kuɗin. Akwai ma masu tunanin su ma su zama kocin, tun da samun aiki ya zama sai wane da wane. A ɗaya gefen kuma akwai iyayenmu a ikilisiya da suke ganin abin duk hikimar duniya ce, mai bi ba shi da abin nema a can. Kafin mu ɗauki gefe, ya kamata mu san inda sana'ar ta fito, domin wanda ya san asalin abu shi ne ya san abin da zai sa rai da shi a cikinsa.

Kalmar kanta daga wani ƙauye ta fito. A ƙasar Hangari akwai wani gari mai suna Kocs, a kan hanyar da ta haɗa Buda da Vienna. A ƙarni na 15 maƙeran garin suka yi suna wajen ƙera wani keken doki mara nauyi, mai sauri, wanda ba ya jijjiga matafiyi kamar amalanken wancan zamani. Keken ya bazu a Turai ɗauke da sunan garin, Jamusawa da Faransawa da Turawan Ingila kowa ya lanƙwasa sunan yadda harshensa ya iya. Wajen shekarar 1830 ɗaliban jami'ar Oxford suka fara kiran malamin da ake ɗauka a biya shi na musamman da wannan suna, cikin ba'a, wai shi ne keken da zai ɗauki ɗalibi ya tsallakar da shi jarrabawa. Ka ce malamin lesin da iyayenmu suke nema mana in WAEC ta matso. Bayan kamar shekara talatin sunan ya koma filin wasa, daga can ne kuma mu Hausawa muka same shi, ta bakin masu sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo.

A duk tsawon wannan lokaci, koci mutum ne da ya fi ka sani, yana ba da umarni kana bi. Ya ce gudu, ka gudu. Ya ce ka zauna a benci, ka zauna. Kocin rayuwa na yau, in dai ya koyi aikin yadda waɗanda suka kafa shi suka tsara, kusan kishiyar wannan ne. Yadda aka yi abin ya juye shi ne ainihin tarihin.

Za mu fara da wani mutum da bai taɓa kiran kansa koci ba, Carl Rogers. An haife shi a 1902 a Amurka, cikin gidan masu bi masu tsananin riƙon addini. Yana ɗalibi ya kasance cikin waɗanda aka zaɓa zuwa babban taron ɗalibai Kirista na duniya da aka yi a ƙasar Sin a 1922. A 1924 ya shiga makarantar tauhidi ta Union a birnin New York da nufin aikin Ubangiji, amma bayan shekara biyu ya bar ta, ya koma nazarin halayyar ɗan Adam. Ya kamata mu tsaya a nan kaɗan. Yaron da aka goya a gidan addu'a ne, irinmu, kuma abin da ya tafi da shi daga gida shi ne ƙyamar a riƙa gaya wa mutum abin da zai gaskata. Littafinsa na 1951 ya kafa wata hanya ta taimakon masu damuwa: mai taimako ya saurara da gaske, ya karɓi mutum ba tare da sharaɗi ba, ya daina yanke masa hukunci, domin a ganin Rogers mutum yana da abin da zai warware matsalarsa a cikinsa in ya sami mai sauraro. Shi ne ma ya yaɗa al'adar daina kiran mai neman taimako majiyyaci. Mu da muke cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan tunani ba baƙo ba ne a kunnenmu.

A 1962 aka buɗe wata cibiya mai suna Esalen a bakin teku a jihar Kalifoniya. Nan ta zama matattarar masu ra'ayin cewa ɗan Adam yana amfani da ɗan kaɗan ne kawai daga cikin baiwar da ke cikinsa. Aka gauraya tunanin Rogers da na Abraham Maslow da koyarwar addinan Gabas, Buddha da Hindu, kowa yana ɗiban abin da ya yi masa. Cikin wannan iska ne wani malamin wasan tanis, Timothy Gallwey, wanda ya taɓa zama kyaftin na ƙungiyar tanis ta jami'ar Harvard, ya lura da wani abu. In ya cika ɗalibinsa da gyara, ɗaga hannu, lanƙwasa gwiwa, kalli nan, sai wasan ya ƙara lalacewa. In ya yi shiru ya ba shi ƙaramin aiki, misali ya furta kalma ɗaya duk lokacin da ƙwallo ta taɓa ƙasa, ya furta wata lokacin da ya buge ta, sai jikin ɗalibin ya gyara kansa. Gallwey ya ce abokin hamayyar da ke cikin kan ɗan wasa, wato muryar da ke ta kushe shi, ya fi wanda ke ɗaya gefen ragar haɗari. Ya buga littafinsa, The Inner Game of Tennis, a 1974, aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Bai ɓoye cewa ya koyi tattara hankali a wurin wani malamin addini ɗan Indiya ba. Abin mamaki, shugabannin kamfanoni ne suka fi ɗaukar littafin da zafi. Suka fara gayyatarsa ya koya wa manajoji yadda za su rage ba da umarni su ƙara yin tambaya.

Akwai wani reshe na asalin da masu sana'ar ba su cika son ambatonsa ba. Wani mai sayar da motoci a Philadelphia, John Paul Rosenberg, ya gudu ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu a 1960, ya canza suna zuwa Werner Erhard. A 1971 ya fara wani horo a San Francisco da ake kira est. Ana tara mutum ɗari biyu da wani abu a zauren otal, ƙarshen mako biyu, kimanin awa 60, ba a fita sai an ba da izini, ko da bayan gida ne, mai horarwa yana yi wa mutane tsawa yana gaya musu cewa su ne suka jawo wa kansu duk halin da suke ciki. Dubun dubatar mutane suka bi ta wannan horo kafin a rufe shi a 1984 a sake masa fasali. Wasu sun ce ya canza musu rayuwa, wasu sun fito a jigace. Abin da ya shafe mu shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka kafa sana'ar kocin rayuwa ta wannan ƙofa suka fito.

Babba a cikinsu shi ne Thomas Leonard. Aikinsa shi ne ba mutane shawara kan tsara kuɗinsu, ya kuma yi aiki a sashen kuɗi na kamfanin Erhard. Ya lura cewa masu zuwa wurinsa, matasa masu albashi mai kauri, in an gama maganar ajiya da hannun jari ba sa tashi. Sai su shiga tambayarsa ko su bar aikinsu, ko su koma wani gari, ko rayuwar da suke yi ita ce suke so. Ba marasa lafiya ba ne balle su je asibiti. A 1988 ya fara koyar da wani kwas na tsara rayuwa. A 1992 ya kafa makarantar horar da koci mai suna Coach University, inda ake ɗaukar darasi ta wayar tarho, mutane da yawa a layi ɗaya. A wannan shekarar wata akanta, Laura Whitworth, wadda ta zauna a kwas ɗinsa, ta kafa tata makarantar a Kalifoniya tare da abokan aikinta. A 1995 Leonard ya kafa ƙungiyar masu sana'ar ta duniya, wadda aka fi sani da ICF. Ya rasu a 2003 yana da shekara 47.

Mu lissafa, 'yan'uwa. Daga kwas ɗin farko na 1988 zuwa yau, sana'ar ba ta kai shekarun iyayen yawancinmu ba. Hausawa suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. In wani ya ce mana abin da yake sayarwa tsohuwar hikima ce tun daga Sokratis, to yin tambaya dai tsohon abu ne, amma sana'ar da ake biyan kuɗi ana ba da satifiket jiya-jiya aka haife ta.

A Ingila kuma wani tsohon direban tseren motoci ne, Sir John Whitmore, ya ɗauki abin. Ya ci gasar Birtaniya a 1961, ya bar tsere, ya je Esalen, ya koyi hanyar Gallwey, ya dawo da ita gida. Littafinsa na 1992 ya yaɗa wani tsari mai matakai huɗu da ake kira GROW, wanda har yau shi ne ƙashin bayan yawancin zaman da za ka yi da koci. Da farko a tsayar da manufa. Sannan a duba halin da ake ciki ba tare da kwaskwarima ba. Sai a zayyana hanyoyin da ake da su. A ƙarshe mutum ya faɗi abin da zai yi da ranar da zai yi shi.

Bari mu kwatanta. A ce wata 'yar'uwa ta gama bautar ƙasa, ta shekara biyu tana cewa za ta buɗe shagon ɗinki. Kocin kirki ba zai ce mata ɗinki yana da riba ko ba shi da ita ba. Zai tambaye ta, in an ce shagon ya tabbata, me za a gani: keke nawa, a wace unguwa, nan da wane wata. Zai tambaye ta nawa ke hannunta yanzu, nawa ne kuɗin keke, riga nawa ta ɗinka aka biya ta a watan jiya. In ta ce jari ne matsalar, zai ce mata ban da rance wace hanya ce kuma, ya yi shiru ya jira, har sai ita da bakinta ta tuna cewa innarta tana da keken da ke ajiye, ko kuma adashen zumuntar mata yana karɓar sababbi. Kafin su rabu za ta faɗi abu ɗaya da za ta yi kafin Juma'a. Bayan mako biyu in sun haɗu, tambayar farko ita ce ko ta yi. Wannan ke nan. Babu sihiri a ciki, kuma ba ma raina shi. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa samun wanda ya zauna ya saurare mu na tsawon awa guda bai katse mu da labarin kansa ba, balle ya dawo ya tambaye mu inda alkawarinmu ya kwana. Wanda ya sami haka sau shida ko goma a jere, ba abin mamaki ba ne ya ga ya motsa daga inda ya daɗe a tsaye.

Amma akwai abin da tarihin ya bar wa sana'ar wanda har yau ba ta warke daga shi ba. Likita ko lauya ba ya aiki sai da lasisin hukuma, in ya yi ɓarna a ƙwace. Sunan kocin rayuwa kuwa kowa yana iya ɗauka gobe da safe. ICF ƙungiya ce mai zaman kanta, shiga cikinta ganin dama ne. Tana da matakai uku: na farko yana bukatar aƙalla awa 60 na horo da awa 100 na zama da mutane, na biyu awa 125 da awa 500, na uku awa 200 da awa 2,500. Ƙa'idojinta sun ce a yi yarjejeniya tun kafin a fara, a riƙe sirri, kada koci ya shiga soyayya da wanda yake horarwa, in kuma ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya tura mutum wurin masana. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai. Ɗan'uwan da ya daina barci, ya daina cin abinci, yana maganar ya gaji da rayuwa, likita yake bukata tare da addu'ar ikilisiya, jadawalin buri ba zai yi masa komai ba. Ko waɗanda suka kafa sana'ar sun faɗi haka tun farko. Sai dai ƙa'ida tana ɗaure wanda ya sa hannu ne kawai, kuma awa 60 bai kai zangon karatu ɗaya na makarantar koyon jinya ba.

Inda babu shinge, kura ma takan shigo da rigar makiyayi. A watan Oktoba na 2009, kusa da garin Sedona a jihar Arizona, wani shahararren mai koyar da cin nasara, James Arthur Ray, ya tara fiye da mutum hamsin da kowannensu ya biya kusan dala 10,000. Bayan sun yi azumi a jeji, ya shigar da su wata bukka da aka cika da tururin duwatsu masu zafi, yana ƙarfafa su su jure domin su karya iyakar da suka sa wa kansu. Mutum uku suka mutu. A 2011 kotu ta same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka ɗaure shi shekara biyu. A jihar New York kuma wani Keith Raniere ya kafa NXIVM a 1998 da sunan kwasa-kwasan bunƙasa kai ga masu neman nasara. A ƙarƙashinta aka bautar da mata, har ana yi musu lalas a jiki da haruffan sunansa. A 2020 aka yanke masa shekara 120. Adalci ne mu ce waɗannan biyu ba su wakilci kocin da ke zaune yana yi wa mai ɗinki tambayoyi ba. Abin lura dai shi ne alamunsu iri ɗaya ne: kuɗin yana hawa mataki-mataki, kowane kwas yana kai ka ga wani da ya fi shi tsada, ana nuna maka cewa danginka masu shakka su ne ke riƙe ka, in kuma abin bai yi aiki ba laifinka ne don ba ka ba da kanka duka ba. Mun san wannan salo. Mun ji irinsa a wasu bagadai ma.

Ikilisiya ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. Tun 1952 wani fasto a New York, Norman Vincent Peale, ya buga littafinsa a kan ikon tunani mai kyau, wanda ya gauraya ayoyi da dabarun ƙarfafa kai, malaman tauhidi na zamaninsa suka soke shi sosai, jama'a kuwa suka saye shi miliyoyi. A 2001 Gary Collins, masanin halayyar ɗan Adam kuma mai bi, ya rubuta littafi a kan yadda Kirista zai yi aikin koci, daga nan makarantu da ƙungiyoyin koci na Kirista suka yawaita. Saboda haka in ka ga koci yana buɗe zama da addu'a, ba sabon abu ba ne. Tambayar da ta rage ita ce ko addu'ar ta canza ginshiƙin, ko kuwa fenti ce a bango.

Ginshiƙin kuwa shi ne wanda aka gada daga Rogers ta hannun Gallwey da Whitworth: mutum cikakke ne, amsarsa tana cikinsa, shi ne kuma mai zaɓen inda za a nufa. Keken Kocs ke nan har yanzu, fasinja ne ke faɗin gari. Mu masu bi muna iya cewa amin ga rabin wannan. Littafin Farawa ya koya mana cewa cikin kamannin Allah aka yi mu, da hankali da baiwa, kuma sau da yawa abin da ke hana mu motsi tsoro ne da kasala, ba rashin sani ba. Amma annabi Irmiya a sura 17 ya gargaɗe mu a kan yaudarar zuciya, mu ma da kanmu mukan ce laifi tudu ne. Mutum yana iya sanin inda ɗakinsa ke yoyo, bai san harsashin ne ya tsage ba.

Markus sura 10 ta nuna wannan fiye da duk wani bayani da za mu yi. Sau biyu a surar Yesu ya yi tambaya iri ɗaya, tambayar da kowane koci zai ce tasa ce, wato me mutum yake so a yi masa. Ya yi wa Bartimawas makaho a hanyar Yariko, mutumin ya faɗi bukatarsa a fili, ya sami ganin gari. Ya yi wa Yakubu da Yohanna, 'ya'yan Zabadi, su ma suka faɗi tasu a fili: kujerun dama da hagu cikin ɗaukakarsa. Manufa ce tsayayya, mai aunuwa, irin wadda tsarin Whitmore zai karɓa hannu bibbiyu. Yesu kuwa ya nuna musu ba su san abin da suke roƙo ba, ya juya maganar zuwa ƙoƙon wahala da zama bawan kowa. A surar nan kuma ya dubi mai dukiyar nan da ƙauna, ya gaya masa abu ɗaya da ba ya so ya ji, ya bar shi ya tafi da baƙin ciki. Haka Yetro a Fitowa 18: ya fara da tambayar Musa dalilin da ya sa yake zaman shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya saurari amsarsa, sannan ya gaya masa kai tsaye cewa abin ba daidai ba ne, ya ba shi tsarin shugabannin dubu da ɗari da hamsin da goma. Koci, bisa ƙa'idar aikinsa, a matakin tambayar yake tsayawa. Kuma wanda kake biya a kowane wata yana da dalilin da zai sa ya yi nauyin baki wajen gaya maka cewa burinka ne ba shi da kyau.

Kada wannan ya sa mu ɗaga kafaɗa, domin ikilisiya ma ta taɓa faɗawa ramin da ke ɗaya gefen. A farkon shekarun 1970, a Fort Lauderdale ta jihar Florida, wasu masu wa'azi biyar, cikinsu har da Derek Prince da Bob Mumford, suka ga matasa suna tuba da yawa ba mai kula da su. Suka koyar da cewa kowane mai bi ya kasance ƙarƙashin wani makiyayi da zai yi wa biyayya. Niyyar mai kyau ce. Amma ba a daɗe ba aka fara jin wuraren da mutum ba ya aure, ba ya canza aiki, ba ya ƙaura sai makiyayinsa ya yarda. Pat Robertson ya soki tafiyar a fili a 1975, Prince ya janye a 1983, Mumford kuma ya fito ya nemi gafarar jama'a a 1989. Wasu daga cikin masu gudu zuwa wurin koci a yau, irin wannan riƙo suke gudu. Gara mai tambayarsu da mai mallakarsu, kuma ba za mu ga laifinsu ba.

Akwai wani tsohon tsari da ya bi tsakanin ramukan biyu, shi ma kuma, kamar sana'ar Leonard, daga maganar kuɗi ya fara. A watan Fabrairu na 1742 mabiyan John Wesley a Bristol suka zauna neman yadda za su biya bashin ɗakin sujadar da suka gina. Wani da ake kira Kyaftin Foy ya kawo shawara kowa ya riƙa ba da kobo ɗaya na Ingila a mako. Aka ce masa da yawa talakawa ne, ba za su iya ba. Sai ya ce a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya mafi talauci, zai riƙa zagaya su kowane mako, wanda bai samu ba shi zai cika masa. Wasu ma suka ɗauki irin wannan nauyi, aka raba jama'a kashi-kashi, sha biyu sha biyu. Masu karɓar kuɗin da suka fara shiga gidaje sai suka riƙa ganin abin da mai wa'azi ba ya gani daga bagade: wannan ya koma shan giya, wancan ba ya magana da matarsa, wata tana kwance ba mai dubiya. Wesley ya gane ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Maimakon shugaba ya bi gida-gida, sai aka ce su riƙa haɗuwa wuri ɗaya sau ɗaya a mako.

A wannan haɗuwa ba a wa'azi. Shugaban, wanda zai iya zama maƙeri ko masaƙi ko matar aure, yakan fara faɗin yadda makonsa ya kasance a gaban Allah, sannan ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya lafiyar ransa. Ana sauraro, ana ba da shawara, ana tsawatawa in ta kama, a yi addu'a, a tashi. Mako mai zuwa a sake tambaya. Ba a biyan shugaban ko sisi, kuma shi ma yana da wanda ke tambayarsa. Duk wata uku ana ba kowane mamba tikiti, wanda ya yi watsi da zuwa ba a sabunta masa. Abin ba wasa ba ne: a Newcastle a 1743 Wesley ya cire mutum 64 a lokaci ɗaya, 17 saboda buguwa, ɗaya saboda dūkan matarsa, 29 saboda sakaci da rashin ɗaukar abin da muhimmanci. Za mu iya cewa hannunsa ya yi nauyi, wataƙila ma ya yi. Amma lokacin da ya rasu a 1791, fiye da mutum 70,000 a Birtaniya da Ayalan suna cikin waɗannan ƙungiyoyi, da yawa daga cikinsu leburori da masu haƙar kwal da barorin gida, mutanen da ba wanda ya taɓa tambayar su yadda suke.

Tsarin bai dawwama ba. A cikin ƙarni na 19, da Metodis suka yi arziki suka gina manyan majami'u, mutane suka fara jin nauyin buɗe cikinsu a gaban maƙwabta kowane mako. A Amurka an daina sa halartar ajin a matsayin sharaɗin zama mamba tun a shekarun 1860, Ingila ma ta bi baya daga bisani. A wurare da yawa makarantar Lahadi ta manya ce ta maye gurbinsa, inda malami yake tsayawa a gaba da littafin darasi, sauran suna zaune a layi suna sauraro har a buga ƙararrawar shiga sujada.